Gefen Ƙofa

Sojan da ke cikin talabijin bai ratsa tsakar gida ba. Ya bi jikin katanga a duƙe, ya laɓe bayan wani durom, ya leƙa da ido ɗaya, ya koma. Salome na tsaye da tiren shinkafa, ta manta inda za ta ajiye shi.

John ne ke tuƙa sojan da rimot. Saurayin ƙanwarta Eva ne, ya zo gaisuwa gidansu a unguwar Yelwa bayan an tashi coci, ya kinkimo har da na'urar gem ɗinsa ta harbe-harbe. Saura sati uku danginsa su zo tambaya. Tun da suka rasa iyayensu, Salome ce uwar Eva, ita ce ubanta. In ta ce a'a, magana ta mutu.

"Adda, kin gani?" in ji Eva. "Duk Mubi ba mai cin shi."

Ta gani. Ta san wannan tafiyar. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, shekara goma sha ɗaya ke nan, tana cikin rumbun dawa ta danne kan Eva a cinyarta, tana leƙe ta wata tsaga. Sauran suna ta ihu da harbin iska a waje. Ɗaya ne ya shigo, fuska naɗe da rawani, ba ya sauri. Ya bi katanga. Da ya iso ɗakin babansu sai ya manne a gefen hagu na ƙofa, ya zare takalminsa ɗaya ya jefa ciki, ya saurara. Sannan ya yi magana a hankali, da ladabi, kamar mai neman aron gishiri: "Gafara dai, masu gida." Harbi biyu ya yi. Wannan maganar ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko fasto, ko mijinta.

"A ina ka koyi wannan?" ta tambayi John.

"A gem ne, Adda. In ka tsaya a fili ka mutu. Ƙofa kuma ita ce ta fi kashe mutum."

"Lokacin gudu kana ina?"

"Yola. Ina makaranta."

In dai ka tambaya, kowa a Yola yake lokacin. Ta auna tsayinsa da ido, ta auna kafaɗarsa. Ba za ta miƙa Eva ga wanda ya kashe ubansu ba.

Ta waiwayi mijinta ko zai lura. Ina! Ishiyaku na kujerarsa ta kusurwa, wadda ke kallon ƙofa, yana ɓarar gyaɗa. Tela ne, mutumin da ko kaza za a yanka sai an kira maƙwabci. Daga wajen Belel ya zo bayan an dawo gari, ba uwa ba uba, ya ce duk an kashe. Ko a kasuwa jikin bango yake bi, har takan tsokane shi da kiran ƙadangare. Ya san tsoro irin nata, shi ya sa ta aure shi.

Sojan John ya iso wani gida. Salome ta ƙura wa bakin John ido. Sojan ya tsaya a gefen ƙofa, ya jefa gurneti mai hayaƙi ciki. Leɓen John ya motsa.

"Oya, mu je!" Ya kwatsa ihu, ya banka ciki a tsaye, nan take aka harbe shi.

Eva ta fashe da dariya. Salome ta sauke numfashi, kunya ta rufe ta. Wannan ɗan hayaniyar, da ko kiyashi ba zai iya yi wa sanɗa ba, shi ta ɗauka mai rawani? Ta ajiye tire, ta zuba masa nama fiye da na kowa.

"Oga, gwada mana," in ji John, ya miƙa wa Ishiyaku rimot.

"Ni da ban san inda ake dannawa ba?"

John ya nuna masa. Sojan ya je ya yi karo da bango, ya juya yana kallon sama, aka yi ta dariya. Salome ma ta yi, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Ta sunkuya tana raba cokula.

Shirun da falon ya yi ne ya sa ta ɗago. Sojan ya daina karo. Yana bin katanga a duƙe, ba ya sauri.

"Kai, Oga, ka taɓa yi ne?" in ji John.

Ishiyaku bai ji ba. Kafaɗarsa ta sauka, idonsa ya daina ƙiftawa. Sojan ya manne a gefen hagu na ƙofa. A kan tabarma, ƙafar Ishiyaku ta dama ta laluba tana neman silifas.

Sai Salome ta ji muryar mijinta, a hankali, da ladabi: "Gafara dai, masu gida."