Baftismar Tsohuwar Dabai

"Ku yi mini baftisma kafin in tafi," in ji tsohuwar da ta karɓi Yesu da furfura. 'Ya'yanta biyu, dukansu fastoci, kowa da cocinsa, suka fita tsakar gida.

"Sai an nutsar da ita a rafi," in ji babban.

"Yaya, fari ya ƙafar da rafin tun bara. A yayyafa mata kawai."

"Wannan koyarwarku ce, ba ta Littafi ba."

Kwana uku suna jifan juna da ayoyi. Ran na huɗu suka tafi Zuru neman shawarar manya.

Da suka dawo, matan cocin biyu sun haɗu a ɗakinta, bokiti ɗaya a tsakaninsu, suna yi mata wankan gawa.