Gwangwanin Tsoho Zhan

Tsoho Zhan ya zubar da ruwan farko, ya sake tsiyaya tafasasshe a kan ganyen shayin da ya ɗebo daga gwangwaninsa, ya ƙirga numfashi bakwai, sannan ya tura ɗan mitsitsin kofi gaban Jiahe, saurayin 'yarsa.

"Bishiya uku kacal ke ba da wannan shayin, can cikin tsagin duwatsun Wuyi na nan ƙasar Sin. Shekara tara ina lallaɓa ɗan abin da ke cikin gwangwanin nan. Wanda bai san shayi ba, ba zai auri 'yata ba." Ya kurɓi nasa, ya lumshe ido. "Ka ji ƙanshin fure? Ka ji sanyin dutse a maƙoshi?"

Jiahe ya kurɓa. Ya ƙara kurɓa. Gumi ya keto masa.

"Kawu, ka yi haƙuri. Ni dai shayin kasuwa nake ji."

Zhan ya miƙe, ya nuna masa ƙofa.

Sai ga matarsa Meizhu ta leƙo daga kicin.

"Tsoho, zauna, yaron ya fi ka harshe. Ka tuna ƙwan da na dafa da ganyen shayi shekara shida baya, wanda ka cinye takwas kana mitar ba gishiri? To, ganyenka ne. Na cika gwangwanin da na kasuwa."

Zhan ya kalli kofinsa. Sai ya gyara murya.

"Ai na sani. Gwada yaron nake yi."

"Shi kam ya ci," in ji Meizhu. "Kai ne shekara shida kana faɗuwa."