Ɗaki Mai Kallon Layin Dogo

"Ɗauko jakar, tsoho, mun tashi," in ji matar, idanunta jajur. Kwanansu ɗaya tak a masaukin.

Mijin ya saki baki. Shekara arba'in yana tuƙa jirgin ƙasa, shekara arba'in tana mitar gidansu na bakin layin dogo. Da za su zo birnin Bologna bikin kammala karatun jikarsu, ita ta kafe sai unguwar kan tudu, nesa da tasha, inda ko tarin maƙwabci ba a ji.

"Ba ke kika ce kunnenki zai huta ba?"

"Gwiwarka nake tausayi."

"Gwiwata lafiyarta ƙalau."

"Gahawarsu ma tsararo ce. Wuce mu tafi."

Ya bi ta da jaka har wani tsukukun otal da ke manne da tasha. Ta ce a ba su ɗaki mai kallon layi. Mai otal ya sa ta maimaita.

Bayan sun ci taliyar rana, jirgin birnin Milano ya shigo tasha, tagogi suka hau rawa. Ya juyo zai tsokane ta.

Ya tarar tana sharar barci har da minshari, ko takalmi ba ta cire ba.