Kazar Mai Ɗori

Kai da kake zaɓen 'yan ƙwallo a waya duk mako, ka dage sai ka saka wanda aka ce ya warke, saurari wannan kafin ka danna.

An yi wani ɗan wasan gaba mai gudun tsiya, in ya tura ƙwallo sai dai masu tsaron baya su raka shi da ido. Matsalarsa ɗaya, ƙafar hagu: targaɗe sau biyu, tsagewar ƙashi sau ɗaya, a na huɗu ƙwaurin ya karye. Aka kai shi wurin wani tsoho mai ɗori da ke da al'ada, duk wanda zai yi wa ɗori sai ya karya ƙafar kaza ya ɗaure su rana ɗaya. Ya miƙa masa kazar, wake-wake ce, ya ce, "Ranar da ta taka, ka taka. Kada ka riga ta." Kocinsu ma ya san al'adar, ya ce ba zai saka shi a wasa ba sai ya ga kazar tana tafiya. Wata biyu suka wuce, zogi ya bar ƙafar mutumin, kaza kuwa tana nan tana ɗingishi. Ga shi an ce masu neman 'yan wasa daga wani babban kulob za su zo kallo ranar Asabar, damar da ya shekara goma yana jira. Sai gogan naka ya je kasuwa ya sayo wata wake-wake lafiyayya, ya sake ta a gaban koci, ta ruga da gudu. Ta ainihin kuwa ya yanka ta, ya binne a bayan gida da karan ɗorinta.

Ranar Asabar da la'asar fili ya cika maƙil. Ya karɓi ƙwallo, ya wuce mutum biyu, saura shi da gola. Yana ɗaga kai sai ya ga kaza wake-wake a bakin raga, tsaye a kan ƙafa ɗaya, gashinta duk ƙasa, ta karkata kai tana kallonsa. Babu wanda ya taɓa shi, amma har 'yan kallon da ke bayan raga sun ji ƙas! Aka mayar da shi wurin tsohon, aka haɗa da kazar kasuwa. Tsoho ya shafa ƙafafunta biyu, ya ajiye ta, ya ce, "Wannan ba ta taɓa karyewa ba. Ina tawa?" Koci na tsaye yana jin komai. Ƙashin bai ƙara haɗuwa daidai ba, kuma bai sake shiga fili ba sai da sanda, shi ma a matsayin ɗan kallo.

Don haka in ɗan wasa ya ce maka ya warke, baki ne ya faɗa, jira ka ga ƙafar a fili. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.