Laftof Ɗin Da Ya Ƙi Gyaruwa

Laftof ɗinsa ya mutu ya sake tashi da saƙon jiya: sabuntawar famwaya, wato manhajar da ke sarrafa sassan na'urar, ba ta shiga ba. Sai ta shiga kyamara za ta yi aiki, ga intabiyun aikin Saudiyya ta bidiyo ranar Litinin.

Mai gyara a Kabuga ya ce, "Malam, batirinka ya mutu. Wani ke zare maka caja ana tsakiyar aiki."

Mai laftof ɗin ya dawo gida yana zargin ƙanensa, wanda ya daina gaishe shi tunda maganar tafiyar ta taso. Ya jona laftof ɗin, ya yi kamar ya fita, ya laɓe bayan taga.

Mahaifiyarsa ce ta shigo tana sanɗa. Ta zare cajar, ta ɗago suka haɗa ido.

Ta ce, "Haka babanku ya tafi neman aiki. Har yau ina jiransa."