Sunan Ɗan Fari

Tun da hukuma ta kwashe mutanen cikin birni ta mai da gidajensu wurin kallo, aka dawo da mamatan kowane gida cikin hoto mai motsi da magana. Wai ci gaba ke nan.

Malam Haladu ya je gidan ubansa da buƙata ɗaya: a rufe bakin abin da ake cewa uwarsa ce.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji mai gadi. "Iya Tasalla ce ta fi tara mana jama'a."

"Matar da ko mai ga-ruwa bai taɓa wuce mata zaure ba?"

"To ai shi ya sa ake son gani."

Ya bi layi ya shiga. Ƙarti da takalma a tsakar gida, wani yana watsa ɓawon gyaɗa inda take shimfiɗa sallaya. Ga ta nan bakin murhu, har da tabon ƙuna a hannunta.

Wata baƙuwa ta ce, "Iya, ya sunan ɗanki na fari?"

Iya Tasalla ta haife shi, ta aurar da shi, ta mutu, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba saboda kunya. "Wannan yaron" take ce masa.

"Haladu," in ji hoton, da muryarta sak. "Haladu!"

"Na'am," in ji tsohon, kafin ya ankara.

Aka ɓarke da tafi, an ɗauka shi ma hoto ne aka kunna. Ya fita ya tofar da yawu, yana ta goge bakinsa da hannun riga.