Motar da ke Neman Wayar Maigidanta

Wata mata ce ta rasa miji ta samu mota. Mijin direba ne mai jigilar 'yan kasuwa, ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi. Motar ma ba tata ba ce ita kaɗai, akwai magada, kuma malamin da ya zo rabo ya ce ba a yanka mota kamar rago, sai an sayar a raba. Dangi suka sakar mata cinikin, don kowa ya san ta: mai awon hatsi ce, ba a taɓa cin ta a ciniki ba. Da ta fita takaba masu saye suka yi ta zuwa. Duk wanda ya taya, sai ta ce albarka. A ƙara, albarka. Har dangin miji suka fara cewa haɗama ce, suka yanka mata wa'adi: in kasuwa ta sake ci ba ta sallama ba, za su karɓi makulli su miƙa wa dillali, ya sayar yadda ya ga dama. Ita kanta ta ɗauka kuɗin ne bai kai ba.

Ana nan sai ga wani direba mai furfura a gemu. Ya zagaya motar, ya yi tayi na mutunci, ya nemi ya ji kukan injin. Ta ce ba a gwada kayanta a bayan idonta, ta buɗe gaba ta zauna, abin da ba ta yi ba tun rasuwar. Wayar marigayin na ɗaure a haɓar zaninta, kamar kullum. Mutumin ya murza makulli. Rediyo ya yi wata 'yar ƙara, sai rubutu ya fito a gilashinsa. Ba ta yi boko ba, amma ta san zanen wannan suna kamar yadda ta san shaidar buhunanta. Sunan mijinta ne, wanda ba ta taɓa kira da bakinta ba, ga shi mota ta rubuta. Ta ƙura wa gilashin ido.

Direban ya ga yadda ta yi, ya tambaya ko wayar mai motar tana kusa. Sannan ya yi mata bayani a hankali. Ya ce bulutut ake ce wa abin, an yi shi ne don direba ya amsa kira hannunsa na kan sitiyari. Sau ɗaya ake haɗa waya da mota, su ba juna wata shaida wadda su biyu kaɗai suka sani. Daga ranar, duk sanda aka tayar da mota sai ta aika kira ta iska, kiran da kunnen mutum ba ya ji, kuma bai wuce 'yan taku ba. In wayar na kusa ta amsa, sai motar ta zame mata baki da kunne: murya ta fito ta sifikun ƙofofi, maganar direba kuma wani ɗan rami da ke saman kansa ya ɗauka. Babu igiya, babu zare. Ta ɗaga kai ta dubi ramin, bai kai ƙwayar dawa ba. Ta nan ke nan mijinta yake yi mata magana daga garuruwan da ba ta taɓa gani ba.

Sai ta tuna ƙanen mijin yakan zo da safe ya tayar da motar don kada batir ya mutu, ita kuwa tana can ƙuryar ɗaki da wayar. Ta tambaya, to a waɗancan ranakun fa? Mutumin ya ce motar ta kira, ba a amsa ba, gobe in an tayar ta sake kira.

"Inna, ai ita ba ta san ya rasu ba."

Ta kwance haɓar zani. Wuri ɗaya ta iya dannawa a wayar nan, saƙon murya na ƙarshe da marigayin ya tura mata, wanda take karawa a kunne ta ji shi siriri kamar daga ƙasan rijiya. Ta danna. Muryar ta taso ta ƙofofi huɗu ta cika motar, har da numfashinsa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana. Yana cewa taya ce ta tsayar da shi amma ya kamo hanya, a ajiye masa tuwonsa, kada ta sayar da rabonsa, ya san halinta. Ya yi dariya. Ta dubi kujerar direba, ta ga baƙo zaune ya sunkuyar da kai. Matar da ba a ga hawayenta ranar jana'iza ba ta kifa goshi a gaban mota ta yi kuka har saƙon ya ƙare. A nan ta gane tun farko ba kuɗi take jayayya a kai ba.

Ta share fuska da mayafi, ta gyara zama, muryar kasuwa ta dawo mata. Ta tambaya ko motar na iya riƙe waya biyu. Ya ce har fiye.

"To na sallama a yadda ka taya, ba na neman ƙari. Amma yau mai sayarwa za a yi wa gyara. Ba za ka goge sunansa ba. Kuma duk ranar da hanya ta biyo da kai garin nan, ka tsaya ƙofar gidana ka bar ta a kunne, in fito in zauna."

Mutumin ya ce ya saya. Gaskiyar masu magana, sabo ake wa kuka, ba mutuwa ba.